Gona Ɗaya, Magada Biyu

Masu iya magana sun ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na daɗe ina jin wannan karin magana, har na taɓa kawo ta a takardar jarrabawa na sami maki, amma ban fahimci nauyinta ba sai a hunturun ƙarshen shekarar 2025, a wani ɗan shago kusa da tashar motar Gwarzo, sa'ad da nake tsaye gumi na karyo mini alhali kowa na rawar ɗari.

Kafin in kai mai karatu shagon nan, ya kamata in bayyana abin da ke cikin kwamfutata. Kundin digirina a kan waƙoƙin niƙa da daka na mata yake. Kowa ya sani tun da injin niƙa ya shiga ƙauyuka, dutsen niƙa ya koma jingine a bayan ɗaki, waƙoƙin da ake rerawa a kansa kuwa suka saura a bakin tsofaffi kawai. Saboda haka a ranin 2025 na ɗauki wayata na bi gida gida a Kabo da Garo, na haura Getso da Lakwaya a ƙasar Gwarzo, ina durƙusawa gaban tsofaffin mata ina roƙonsu su tuno abin da suka bari shekaru aru-aru. Wata ta yi mini dariya, wata ta kore ni, wata kuwa sai da na koma sau uku kana ta buɗe baki. Da haka na tara fayil 61 na murya. Da yake cikin wayar ba shi da yawa, duk wanda na ɗauka sai in juye shi a kwamfuta in goge na wayar domin in sami wurin na gobe.

Bakwai daga cikin fayilolin nan muryar kakata ce, wadda ta haifi mahaifina. Ita ce ta fi kowa ba ni wahala, domin kuwa duk sa'ad da na kunna waya sai ta ce, "Maigidana, ka kawo cefane ne, ko kuwa waƙar banza ka zo nema?" Sai na ajiye mata goro sa'an nan ta gyara zama. A daminar wannan shekara Allah ya yi mata rasuwa. Ka ga ke nan abin da ke cikin kwamfutar ya wuce kayan bincike. Muryar da ba za a sake ji ba ce.

Kwamfutar kuwa tsohuwa ce, ta tafi-da-gidanka, na saye ta hannu na biyu a birnin Kano. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita Windows 10 ce. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina ba wannan manhaja gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba bayarwa, kuma tawa ba ta cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Bugu da ƙari, duk sa'ad da na kai filashina shagon buga takardu sai ya dawo mini da ƙwayar cuta. Da na kai kuka wurin wani yayana, ɗan wan mahaifiyata, wanda ya karanta ilmin kwamfuta kuma yake da shagon cajin waya da gyara a Gwarzo, sai ya ba ni shawara in sa Ubuntu. Ita wannan reshe ce ta Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991. Ubuntu kuwa ta fito a 2004 a ƙarƙashin jagorancin Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, kuma kyauta ake samunta. Na ce masa ba zan iya rabuwa da Windows ba, domin da ita na saba rubutu, kuma da irin takardunta ake karɓar aiki. Ya ce, "Wa ya ce ka sake ta? Kishiya za mu yi mata."

Haka kuwa aka yi. Ya matse kason Windows ya rage shi, ya yanka wa Ubuntu nata, ya bar wani a tsakiya wanda dukansu biyu za su iya shiga, a nan muka zuba muryoyin. Daga ranar, in na kunna kwamfuta sai wani ɗan allo mai suna GRUB ya tare ni kamar zaure, ya tambaye ni ɗakin da zan shiga. Ba sa aiki tare. In ɗaya ce da girki, ɗayar tana barci. Da muka gama ya ce in dakata mu duba lafiyar rabon, ni kuwa na ga rana ta yi sanyi, ga babur yana jirana. Na ce, "Yaya, ai ta tashi, me ya rage?" Na saɓa jaka na kama hanyar Kabo. Da na isa gida na yi wata dabara da na ɗauka hikima ce: na kwafe jakar muryoyin daga kason tsakiya zuwa kason Ubuntu, na ce yanzu ina da ajiya biyu. Ana cikin kwafewar wani saƙo ya fito yana cewa an kasa karanta wani abu. Na danna a tsallake, ban ko tsaya karantawa ba.

A nan ne ya kamata in ambaci baffana. Shekarun baya, da aka raba gonar kakanmu, ina yaro na bi su ina riƙe da igiya. Aka auna, aka kafa duwatsu, aka dasa gamba a kan iyaka, aka yi addu'a aka watse. Amma da ruwan farko ya sauka sai na ga Baffa ya ɗauki sandarsa ya sake bin iyakar tun daga farko har ƙarshe, yana taka kowane dutse yana leƙa kowane kwari. Na ce, "Baffa, ba an gama rabo ba?" Ya ce, "Yaro, rabo ba ya ƙarewa ranar rabo. Dutse yana gusawa, ruwa yana cin ƙasa, kuma zaizaya ba ta san gonar wane ba." Na ji maganar, na ajiye ta inda yara ke ajiye maganar manya.

Ba a yi mako biyu ba alamu suka fara bayyana. Ta farko ita ce agogo: duk sa'ad da na fito daga Ubuntu na shiga Windows sai in tarar ya koma baya da awa ɗaya cif. Ta biyu, wata rana Ubuntu ta ƙi yarda in ajiye kome a kason tsakiya, ta ce sai dai in duba da ido. Ta uku ita ce ta tayar mini da hankali. Na zauna zan rubuta waƙar ƙarshe da kakata ta rera mini, sai muryar ta kai wani wuri ta tsaya cik, kwamfutar ta daskare, na kuma ji wani ɗan ƙas-ƙas daga cikinta kamar ɓera na cin ƙwarya. Na ce ba kome, ai ina da na biyu. Na buɗe jakar da ke kason Ubuntu na ƙirga: fayil 60. Wanda babu shi ne wanda nake nema. Ashe shi ne na ce a tsallake.

Daren nan ban runtsa ba. Gari na wayewa na nufi Gwarzo. Yaya ya saurare ni har na gama, bai ce mini "ai na faɗa maka" ba, wanda hakan ya fi zagi ciwo. Ya kashe kwamfutar, ya soka wani filashi mai ɗauke da Ubuntu ya tashe ta daga cikinsa, domin a duba faifan ajiyar alhali babu ɗaya daga cikin matan gidan da ke tsaye a kansa. Ya ce abubuwa uku ake dubawa, kuma kowanne da nasa ma'auni: iyaka, da ƙasa, da kunyoyi. Ina jin haka Baffa ya faɗo mini a rai.

Muka fara da iyaka. A farkon kowane faifai akwai ɗan jadawali da ke faɗin inda kowane kaso ya fara da inda ya ƙare, kamar takardar rabon gado. Iri biyu ne. Tsohon, wanda ake kira MBR, tun 1983 ake amfani da shi, manyan kaso huɗu kawai yake iya ɗauka, kuma kwafinsa ɗaya ne tak. Sabon, watau GPT, yakan ɗauki har 128, yana kuma ajiye kwafi na biyu a can ƙarshen faifan, tare da wata lambar tantancewa da ke tona asiri in an sami canji. Nawa GPT ne. Yaya ya buɗe manhajar GParted, sai ga faifan a shimfiɗe kamar taswirar gona: ɗan ƙaramin kaso na megabayit 100 inda zauren nan yake, na Windows mai gigabayit 200, na tsakiya mai 150, na Ubuntu mai 114, da wasu ƙanana biyu da Windows ta keɓe wa kanta. Ya sa wata manhaja mai suna gdisk ta gwada kwafin farko da na ƙarshe, ta kuma duba ko wani kaso ya hau kan wani. Ta ce babu matsala.

Ni kuwa da na haɗa lissafi na ga bai wuce 465 ba, alhali an sayar mini da faifan a kan 500, sai na ce an cuce ni. Yaya ya yi dariya ya ce bambancin mudu ne. Masu ƙera faifai suna ƙirga dubu a matsayin 1,000, manhajar kuwa tana ƙirga shi 1,024. In aka ninka wannan bambanci sau uku, 500 ɗinsu sai ta zama 465 da 'yan kai. Hatsin ɗaya ne, kwanon awon ne ya bambanta.

Daga nan na zaci kunyoyi za mu shiga, sai ya ce a'a, ƙasa tukuna, kuma dalilin haka shi ne babban abin da na koya ranar. Gyaran tsarin ajiya yana sa faifai aiki mai tsanani, yana kuma yin rubutu a kansa; in faifan da kansa ba shi da lafiya, gyaran na iya ƙarasa shi. Ba a sa majinyaci gudu domin a gane ko yana da ƙarfi. Irin faifan da ke cikin kwamfutata faranti ne da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa. An yanka farantin gurbi gurbi, kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512. Sai mai karatu ya tuna wannan abu ne na yi ta goyo a babur a kan hanyoyin ƙauye, wani lokaci ma ban kashe shi ba, murfin kawai na rufe, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu.

Faifan yana da littafin da yake rubuta lafiyar kansa a ciki, ana kiransa SMART. Yaya ya buɗe shi da umarnin smartctl. Hukuncin da ke sama ya ce lafiya lau, har na fara ajiyar zuciya, sai ya ce kada in yi saurin murna, wannan hukunci ba ya canzawa sai abu ya yi nisa. Ya sa yatsa a kan layuka uku. Layi mai lamba 5 yana ƙirga guraben da suka lalace har faifan ya maye su da na ajiya. Mai lamba 197 yana ƙirga waɗanda aka kasa karantawa ake jiran a ga makomarsu. Mai lamba 198 kuwa na waɗanda suka gagara gyara ne. A faifai mai lafiya sifili ake son gani a duka ukun. Nawa babu sifili ko ɗaya, kuma na 197 ya haura ɗari.

Ya gaya mini cewa a 2007 wasu masu bincike na kamfanin Google sun bi diddigin faifai fiye da 100,000, suka gano cewa wanda ya fara maye gurbi ko da sau ɗaya ne, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na sauran fiye da sau 14. Amma kuma sun gano kusan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a littafin ba sam. Ma'ana, in littafin ya ce akwai ciwo, ka gaskata shi. In ya ce lafiya, kada ka saki jiki.

A nan na kawo hujjata ta ƙarshe, na ce ai dai fayil 60 suna da kwafi biyu. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, kwafi biyu a ina? Kason tsakiya da kason Ubuntu duk a kan faranti ɗaya suke, allura ɗaya ke karanta su. Ranar da ta faɗi, duka za su tafi." Wannan magana ita ce ta sa ni gumi a cikin hunturu. Na raba gona na ɗauka na sami gonaki biyu, na manta ƙasar ɗaya ce, kuma zaizaya ba ta san gonar wane ba.

Saboda haka kafin a taɓa kome sai da aka kwashe kaya. Ya ɗauko wani faifai na waje ya sa manhajar ddrescue, wadda dabararta ita ce ta fara kwashe duk wuraren da ke karantuwa da sauƙi, sa'an nan ta dawo ta lallaɓa masu wuya a hankali. Tun hantsi muke zaune har bayan la'asar, da wutar sola muka yi aikin don kada a ɗauke wuta a tsakiya. Ina kallon lambobi suna tafiya kamar mai jiran majinyaci a ƙofar ɗakin tiyata. Da ta gama, ta ceto kome sai gurabe 128, dukansu a cikin fayil ɗin nan ɗaya. Gurbi 128 sau 512 ya ba da bayit 65,536. Wayata kuwa takan ci bayit 16,000 a kowane sakan na murya. Watau abin da ƙasa ta cinye sakan huɗu ne na muryar kakata.

Sai bayan haka muka zo kan kunyoyi, watau tsarin da kowace manhaja ke jera kayanta da shi. Windows tana amfani da NTFS, Ubuntu kuwa ext4, kuma ƙa'ida ita ce kowace a duba ta da ma'aunin gidansu. Na Ubuntu ana duba shi da fsck, amma da sharaɗin ba a buɗe kason ba, shi ya sa ake tashi daga filashi. Wanda ya yi shi a kan kason da ke cikin aiki, ɓarna zai yi maimakon gyara. Na Windows kuwa sai an koma cikinta an yi chkdsk. Akwai wata 'yar manhaja a Linux mai suna ntfsfix da mutane ke ɗauka madadinsa ce, alhali ƙananan abubuwa kawai take daidaitawa ta bar wa Windows sauran.

A nan ne sauran alamun biyu suka warware, kuma ashe ba su da alaƙa da ciwon faifan. Tun daga Windows 8 ta 2012, in ka ce wa Windows ta kashe, ba ta kashewa gaba ɗaya. Takan yi wani ɗan gyangyaɗi domin ta tashi da sauri, ta bar kasonta a matsayin wanda ba a gama aiki da shi ba. Uwargida ce ta bar tukunya a kan murhu ta tafi barci, amarya mai hankali kuwa ba za ta taɓa ba. Ƙin rubutun da Ubuntu ta yi kare kayana ta yi. Maganinsa shi ne a kashe wannan saurin tashi a cikin saitin wutar Windows. Agogo kuma, Ubuntu tana ajiye shi a kan lokacin duniya na bai ɗaya, Windows tana ɗaukarsa lokacin gida ne, Nijeriya kuwa tana gaban lokacin duniya da awa ɗaya. Saiti ɗaya ya raba gardamar. Abin lura a nan shi ne, alamun da suka fi damuna da farko su ne marasa haɗari, ɗan saƙon da na tsallake cikin sakan ɗaya shi ne mai kisa.

Na sayar da buhun masara ɗaya daga rabona na gona na sayi sabon faifai irin wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, wanda ake kira SSD, mai jure girgizar babur. Yaya ya gargaɗe ni cewa shi ma yana mutuwa, sau da yawa ma ba sallama. Yanzu muryoyin suna wuri uku: a kwamfuta, a faifan waje da ke akwatin mahaifiyata a Kabo, da kuma ma'ajiyar intanet. Farkon kowane wata nakan buɗe littafin lafiyar faifan in dubi layukansa, in ƙirga fayilolin in tabbatar 61 ne, in kuma saurari ɗaya ko biyu, domin ajiyar da ba a taɓa buɗewa ba zato ce kawai.

Saura sakan huɗun nan. Sun faɗa a tsakiyar wani baiti, kuma ba na son in cike kundina da ƙage. Mahaifina ya tuna mini cewa kakata tana da ƙanwa da ke aure a Getso, tare suka tashi, a kan dutse ɗaya suka yi niƙa. Na je na gaishe ta, na kunna mata muryar. Ta yi shiru tana saurare, hawaye na bin kuncinta. Da aka zo wurin da muryar ta yanke, sai kawai ta ɗora daga inda yayarta ta tsaya, ba ta ko yi tuntuɓe ba, ta kai baitin ƙarshensa daidai inda muryar ta dawo. Na ce, "Iya, ashe kin riƙe?" Ta ce, "Ɗan nan, waƙar da mutum ɗaya ya sani ai ba waƙa ba ce."

Kalmomin sun dawo, na rubuta su a kundina tare da bayanin bakin da na same su. Muryar kuwa ba ta dawo ba, kuma ba za ta dawo ba. Duk sa'ad da na saurari fayil ɗin nakan ji wannan ɗan shiru, in san sakacina ne. A kan hanyar komawa na yi ta tunanin cewa waƙoƙin nan sun rayu shekaru masu yawa ba takarda ba na'ura, saboda ba a taɓa ajiye su a kai ɗaya ba. Ni ne ɗan boko na zo na tattara su daga kawuna da yawa na zuba a faranti ɗaya, na kuma kira wannan adanawa.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu yawon ɗaukar muryoyin tsofaffi. In za ku raba faifai, ku kwashe kayanku zuwa wani wuri dabam tukuna. In an gama rabo, kada ku tashi sai kun bi iyaka, kun dubi ƙasa, kun duba kunyoyi, a bisa wannan jeri. Kada ku tsallake saƙon da ba ku karanta ba. In kun ga gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. Nawa ya riga ya ɗan babbake. Da na ba Baffa labarin nan duka, bai fahimci rabinsa ba, amma da na zo kan faranti ɗaya sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu ka girma." Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bar mana.